Daga 1 zuwa 127: Yadda ake daidaita amon fiyano a situdiyoyin Kafanchan da Zonkwa

Da zarar watan Nuwamba ya kama, saƙonnin neman gudummawa kan fara yawa a zaurukan WhatsApp na 'yan kudancin Kaduna mazauna Abuja. Mawaƙan wata majami'a a Zonkwa suna son fitar da kundin waƙoƙi kafin Kirsimeti. Wata ƙungiyar matasa a Kagoro tana shirya waƙar da za ta saki kafin bikin Afan na ranar 1 ga Janairu. Wani hadimi kuma an ɗora masa nauyin samo waƙar da za a sa a taron karrama maigidansa a gida. Kuɗin da ake biyan situdiyo da shi sau da yawa daga aljihun ma'aikatan tarayya yake fitowa, su kuma sukan tura ne ba tare da sun san abin da ya kamata su tambaya ba.

Wani abokina, ma'aikaci a ɗaya daga cikin ma'aikatun da ke sakatariyar tarayya kuma ɗan asalin ƙaramar hukumar Zangon Kataf, ya faɗa cikin irin wannan hali a bara. Shi da 'yan uwansa suka haɗa kuɗi aka ɗauki waƙoƙin ƙungiyar mawaƙan da mahaifiyarsu take ciki, a wani ƙaramin situdiyo a Kafanchan. Da aka turo waƙar farko, ya sa mini ita a mota. Muryoyin matan sun fito tas, tulun da suke bugawa yana nan daram, amma fiyanon da ke raka su sai ka ce mutum mai ɗingishi: amo uku su wuce lami lafiya, na huɗu ya daki kunne, na biyar kuma ya ɓace kamar ba a taɓa shi ba. Abokina ya yanke hukuncin cewa makaɗin bai iya ba, har ya fara maganar a sake ɗaukar komai a Jos. Da an yi hakan, da an ninka kuɗi, an kwashi mata fiye da ashirin a mota, an kuma zubar wa wani matashi mutunci a garinsu a kan matsalar da gyaranta bai kai aikin yini guda ba.

Abin da kwamfuta take rubutawa

Domin a fahimci inda gizo ke saƙa, sai an san cewa akwai hanya biyu ta ɗaukar kiɗan fiyanon lantarki. Ta farko ita ce a ɗauki sautin kansa, kamar yadda ake ɗaukar murya da makirufo. Ta biyu, wadda yawancin ƙananan situdiyoyi suka fi amfani da ita, ba sauti take ɗauka ba sam. Abin da kwamfuta ke rubutawa shi ne labarin abin da yatsun makaɗi suka yi: wane maɓalli ya danna, a wane lokaci, ya daɗe nawa kafin ya saki, da kuma irin ƙarfin da ya sauka da shi. Wannan tsari shi ake kira MIDI. An fito da shi a 1983, bayan kamfanonin ƙera kayan kiɗa na Amurka da Japan sun amince su yi magana da harshe ɗaya. Mutum biyu ne aka fi danganta shi da su, Dave Smith na kamfanin Sequential Circuits da Ikutaro Kakehashi na kamfanin Roland, kuma an ba su lambar yabo ta Grammy ta fannin fasaha a 2013 saboda wannan aiki.

Ƙarfin taɓin nan shi ne abin da yaran situdiyo ke kira belositi. MIDI yana auna shi da lamba daga 1 zuwa 127. Lamba 1 taɓi ne da kunne da ƙyar zai ji, 127 kuma iyakar bugu ke nan. Sifili yana da wata ma'ana ta daban, domin na'urori da yawa suna ɗaukarsa a matsayin umarnin a tsayar da amon. Abin lura shi ne ba nauyin yatsa na'urar ke aunawa ba, sauri take aunawa. A ƙarƙashin kowane maɓalli akwai wasu 'yan robobi masu baki biyu, ɗaya yana taɓa allon lantarki kafin ɗayan. Na'urar tana ƙirga tazarar lokacin da ke tsakanin taɓin farko da na biyu. In tazarar gajera ce, an buga da ƙarfi ke nan, sai ta ba da babbar lamba. In doguwa ce, sai ta ba da ƙarama.

Burin a ce kayan kiɗa mai maɓallai ya amsa ƙarfin yatsa ya girmi lantarki nesa ba kusa ba. Wajen shekarar 1700, wani maƙerin kayan kiɗa a birnin Florence na Italiya, Bartolomeo Cristofori, ya ƙera abin da ya zama fiyano. Na'urorin masu tsirkiya da suka fi shahara kafin nasa tsinkar tsirkiyar suke yi da ƙarfi iri ɗaya ko yaya aka taɓa su. Nasa kuwa guduma ce ke bugun tsirkiyar, don haka yana iya yin ƙasa-ƙasa, yana iya ɗaga murya, kuma daga kalmomin Italiyanci masu wannan ma'ana sunansa ya samo asali. Wato bambancin ƙarfi tsakanin amo da amo shi ne dalilin da ya sa aka ƙirƙiro fiyano tun farko. Wanda ya zo gyara ya shafe bambancin gaba ɗaya, ya mayar da hannun agogo baya da shekara ɗari uku.

Laifin ƙura, laifin ɗaki, laifin hannu

A kudancin Kaduna, mai laifi na farko da ya kamata a tuhuma shi ne hunturu. Watannin da situdiyoyi suka fi samun aiki, daga Nuwamba zuwa Janairu, su ne watannin da ƙura ke shiga ko'ina. Fiyanon da ake ɗauka a bayan babur daga majami'a zuwa gidan biki, daga can zuwa situdiyo, ba ya rabuwa da ita. Idan ƙura ta zauna a kan baki na farko na robar wani maɓalli, na'urar ba za ta ji taɓinsa a kan lokaci ba, sai ta ga kamar an buga da matuƙar sauri, ta aika lamba ta ƙoli ko da makaɗin shafa maɓallin kawai ya yi. Idan baki na biyu ne ya toshe, amon na iya ƙin fitowa kwata-kwata. Gane wannan ba shi da wuya: a buɗe allon da manhaja ke nuna amo a kai, a duba ko amo ɗaya ne tak yake tsalle a duk inda ya bayyana. In haka ne, makaɗi ba shi da laifi. Abin da fiyanon ke bukata shi ne mai gyara ya kwance shi ya goge robobin ko ya canza su. A waƙar mahaifiyar abokina, maɓalli biyu ne suka yi wannan ɓarna, kuma su ne rabin matsalar.

Mai laifi na biyu ɗaki ne. Yawancin waɗannan situdiyoyi shago ne ko ɗaki ɗaya a cikin gida, an manna katifar soso a bango. Kowane ɗaki yana da wasu amo da yake kumburawa saboda tsawonsa da faɗinsa. Sauti yana tafiya da saurin kusan mita 343 a daƙiƙa ɗaya. A ɗakin da tsawonsa mita 4 ne, lissafi ya nuna zai riƙa kumbura sautin da ke kaɗawa kusan sau 43 a daƙiƙa, da ninkinsa, wato 86. Amon F na ƙasa, wanda hannun hagu ke yawan sauka a kai a waƙoƙin majami'a, yana kaɗawa ne kusan sau 87. Furodusan da ke zaune a irin wannan ɗaki zai ji wannan amo yana ruri, sai ya rage shi, alhali a cikin kwamfuta lafiyarsa lau. Da an fita da waƙar waje sai a ji rami a wurin. Soso ba ya maganin wannan, domin sautin sama kawai yake tsotsewa. Maganin talaka shi ne a saurari wurin da abin sauraro na kunne, a kuma dubi lambar amon kafin a taɓa shi.

Sai na uku, hannun makaɗin kansa, kuma a nan akwai tarihi. Yawancin makaɗan yankin a majami'a suka koya, a ECWA ko Katolika ko Baftis ko Angilikan, inda aikinsu shi ne su riƙe jama'a da dama masu waƙa da ƙarfi, ga ganguna, ga janareta yana ruri a bayan taga. A irin wannan wuri ba a jin bambanci tsakanin 70 da 95. Wasu ma sun saba da muryar ogan, wadda ba ta amsa ƙarfin yatsa, ko kuma sun saba kashe ma'aunin taɓi na fiyanon baki ɗaya. Ranar da aka zaunar da irin wannan makaɗi a ɗaki shiru, kwamfuta tana rubuta kowane motsi nasa, sai abin da taron jama'a ke rufewa ya fito fili: babban yatsa yana sauka da nauyi, ƙaramin yatsa yana sanɗa, baƙaƙen maɓallai suna fita daban da farare. Wannan ba rashin iyawa ba ne. Sabo ne da wani fili daban.

Akwai kuma wani abu da ke ƙara wa borno dawaki. Muryoyin fiyano da ke cikin kwamfuta an yi su ne daga sautin fiyano na gaske da aka ɗauka a matakai daban-daban na ƙarfi. Manhaja tana da iyakoki: daga lamba kaza zuwa kaza ta sa sautin taɓi mai laushi, daga nan zuwa sama ta sa mai kaifi. Amo biyu da bambancinsu bai wuce lamba uku ba, in suka faɗa gefe biyu na iyakar, za su fito kamar daga fiyano biyu daban. Shi ya sa wani lokaci kunne ke jin tsalle babba a inda ido ke ganin ɗan bambanci kaɗan.

Gyaran da ke kashe waƙa

Hanya mafi sauƙi, kuma wadda aka fi bi idan mai waƙa yana tsaye a ka yana duba agogo, ita ce a zaɓi dukkan amon a mayar da su lamba ɗaya. A manhajar FL Studio, wadda kamfanin Image-Line na ƙasar Beljiyam ke yi kuma matasan furodusoshi a Najeriya suka fi sabawa da ita, duk amon da aka zana da hannu yana zuwa ne a kan 100, don haka can ake yawan jere su. Tsallen zai tafi nan take. Amma abin da zai saura kiɗa ne irin na agogon bango, wanda duk mai kunne zai gane ba mutum ya buga shi ba.

A ganina wannan gyara ya fi cutar muni, musamman a waƙoƙin wannan yanki. Hausa da Tyap da Jju duk harsuna ne masu karin sauti, kuma mawaƙi yana jingina kalmominsa ne a kan inda kiɗa ya yi nauyi da inda ya yi sauƙi. Kiɗan da mata ke yi da tulu da caki yana da gaɓoɓin da ake dannawa da waɗanda ake ɗagawa, kuma makaɗin da ya tashi cikin wannan kiɗa yana saka wannan nauyi a hannunsa ba tare da ya sani ba. Shi ne abin da ke sa ƙafa ta motsa. Mu masu tace rubutu mun san irin wannan jarabawa: ka karɓi labari mai ɗan kaushi, ka goge shi har ya zama babu kuskure ko ɗaya, sannan ka ga babu wanda zai iya karanta shi zuwa ƙarshe.

Gyaran kirki yana farawa ne da 'yan tawaye. A kusan kowace manhaja, a ƙasan allon amo akwai wasu sanduna a tsaye, kowace sanda tana nuna ƙarfin amo ɗaya. Wanda ya saurari waƙar yana kallon sandunan zai ga cewa waɗanda ke dukan kunne ba su da yawa, wataƙila goma ko ashirin a waƙa guda. Su ake kamawa ɗaya bayan ɗaya a sauko da su kusa da maƙwabtansu, a ɗaga waɗanda suka nutse. Aiki ne mai cin lokaci, amma sau da yawa daga nan an gama.

In har yanzu tazarar ta yi faɗi, sai a matse ta ba tare da an rusa tsarinta ba. A ɗauka amo mafi rauni yana kan 40, mafi ƙarfi yana kan 120. Idan aka raba kowace lamba biyu, za su koma 20 da 60. Idan aka ƙara 40 a kan kowacce, sun zama 60 da 100. Tazarar da take 80 ta dawo 40, amma amon da makaɗi ya so ya fi ƙarfi har yanzu shi ne ya fi, wanda ya so ya yi laushi har yanzu shi ne mai laushi. Manhajar Cubase, wadda kamfanin Steinberg na Jamus ya fara fitarwa a 1989, tana da wurin da ake rubuta wannan rabawa da wannan ƙari kai tsaye a gefen layin kiɗan. A FL Studio, danna Alt da X a allon amo yana buɗe akwatin da ke yin irin wannan aiki. Ableton Live da Logic Pro su ma suna da nasu kayan. Lissafin ɗaya ne, suna ne kawai ya bambanta.

Kuskuren da ake yi a nan shi ne a matse hannu biyu tare. Hannun hagu ginshiƙi ne, ana son sa a tsaye, don haka yana jure matsi sosai. Hannun dama shi ke ɗauke da karin waƙar, kuma idan an danna amo uku ko huɗu a lokaci guda, na saman ya kamata ya ɗan ɗara sauran domin kunne ya bi shi. Mai gyara da ya san aikinsa yakan raba su, ya yi wa kowanne nasa. Sannan in muryar da aka zaɓa ta ogan ce ko ta gogen Turawa mai ja, ƙarfin taɓi ba shi ne ke mulkin ƙararta ba. Akwai wasu layukan umarni daban a cikin MIDI, mai lamba 7 na ƙarar gaba ɗaya da mai lamba 11 na hawa da sauka a cikin amo, kuma a can ake zana gyaran.

Idan kuwa sautin aka ɗauka ta waya daga bakin fiyano zuwa kwamfuta, ba MIDI ba, to an shiga wani hali. Babu sanduna, babu lambobi, amo duk sun narke cikin juna. Abin da ya rage shi ne kwamfuresa, wato na'urar da ke danne duk sautin da ya haura wani mataki, ko kuma a bi layin ana rage ƙara da hannu a daidai wurin da ya yi tsalle. Kwamfuresa ba ta san amo ɗaya daga cikin huɗu ba. In ɗaya ya yi ihu, duka take dannewa. Manhajar Melodyne ta kamfanin Celemony na Jamus tana iya tsinto amo ɗaya daga cikin haɗi ta rage shi, amma tana da tsada, kuma ba kullum take yin aikin ba tare da barin tabo ba. Wannan ne ya sa ya fi kyau a ɗauki duka biyun a lokaci guda, sautin da kuma MIDI. Wayar USB ɗaya ce kawai ƙarin kuɗin.

Abin da mai biyan kuɗi zai tambaya

Dangantakar Arewa da fiyanon lantarki ba sabuwa ba ce. Tun ƙarshen shekarun 1990 fiyanon Yamaha ya zama ƙashin bayan waƙoƙin finafinan Hausa a Kano, har jama'a suka riƙa kiran salon da kiɗan fiyano, kuma Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubuce-rubuce a kan yadda hakan ya faru. A kudancin Kaduna kuwa majami'a ce ta raini na'urar. Kafanchan, wadda ta bunƙasa a matsayin mahaɗar layin dogo tun ƙarshen shekarun 1920, ita ce kasuwar yankin, kuma nan ne mawaƙa daga Zonkwa da Samarun Kataf da Kagoro da Kwoi ke nufa idan ba su da halin zuwa Jos ko Kaduna. Kowace waƙa da aka ɗauke daga can aka kai wani gari saboda matsalar da ake iya gyarawa, kuɗi ne ya bar hannun matasan da ke ƙoƙarin rayuwa da wannan sana'a a gida.

Wanda zai tura kuɗi daga Abuja ba sai ya iya kiɗa ba. Ya isa ya tambaya tun kafin a fara ko za a ɗauki fiyanon ta MIDI, ya kuma nemi a ajiye masa fayil ɗin aikin gaba ɗaya, ba waƙar da aka gama kaɗai ba. Yana da kyau a ce wa makaɗin ya gwada fiyanon da za a yi aikin da shi, ya bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya da taɓi iri ɗaya ana kallon lambobin. Yawancin fiyanon Yamaha na jerin PSR, waɗanda suka cika majami'un yankin, suna da zaɓin yadda za su amsa taɓi: mai laushi, matsakaici, mai tauri, ko tsayayye. Minti biyar na neman wanda ya dace da hannun makaɗin yana rage awanni na gyara daga baya. Na'urori ma ba ɗaya suke ba. Shahararren DX7 na Yamaha, wanda ya fito a 1983, an san shi da cewa da ƙyar lambar da yake aikawa take wuce 100 ko yaya aka buge shi. Sabon tsarin MIDI 2.0 da aka amince da shi a 2020 ya faɗaɗa matakan daga 127 zuwa fiye da 65,000, sai dai ƙarin matakai ba ya hana ƙura shiga roba.

Idan aka turo waƙar, a saurare ta a wuri fiye da ɗaya. Lasifikar waya ba ta fitar da amon ƙasa, don haka duk wani tsalle a hannun dama yana fitowa tsirara, kuma a waya ne mafi yawan mutanen gida za su ji ta. Mota kuma tana kumbura na ƙasa. In an ji matsala, a rubuta daidai minti da daƙiƙar da take, a tura wa furodusa. Cewa "fiyanon bai yi ba" ba ya taimakon kowa.

Haka abokina ya yi daga ƙarshe, bayan na lallashe shi ya jinkirta maganar Jos. Ya zauna da takarda ya rubuta wurare goma sha ɗaya a waƙar farko. Aka yi sa'a matashin ya ɗauki fiyanon ta MIDI kuma bai goge fayil ɗin ba. Ya sauko da amon maɓallan nan biyu a duk waƙoƙin, ya matse hannun hagu, ya bar na dama kusan yadda yake, ya turo sabon kwafi bayan kwana biyu. Fiyanon kuma aka kai shi wurin mai gyara a cikin gari, kuɗin gyaran ya fito daga ragowar gudummawar da aka tara.